Gurbi a Rajistar Baffa

Litinin, 7 ga wata

Uwata,

Sallama da gaisuwa gwargwadon nisan da ke tsakaninmu. Ina fatan kina lafiya, ke da maigidanki da baƙon da ke tafe, Allah ya raba lafiya. Kin ce in daina kiranki Uwata tunda yanzu kin zama mai farar riga a ɗakin gwajin jini. Ba zai yiwu ba. Sunan mahaifiyarmu aka sa miki, kuma bakin da ya shekara tamanin da ɗaya bai kama sunan nan ba, ba yau zai fara ba.

Jiki da sauƙi. Gwiwa tana nan da halinta. Matakalar benen nan goma sha bakwai ce, nakan sauka sau ɗaya a yini in ga mutane, in gaisa da mai kyamis ta ƙasa, in hau. Wayar da kika aiko tana cikin aljihun tebur. In kin yi magana a cikinta sai in ji kamar ana kirana daga ƙarƙashin ruwa. Takarda ta fi mini, ita in ban ji ba sai in sake karantawa.

Saƙonki ya iso ranar Alhamis: farar kwalba mai ƙwaya ɗari, da takardar da kika ja wa layuka da hannunki. Na kai wa likita kamar yadda kika ce. Ya karanta jikin kwalbar ya ce madalla, abin da zai rubuta mini ke nan. Ya sake yi mini bayanin abin nan na jinina, homosistin, na sa ya rubuta mini sunan a bayan ambulan don kada in kira shi da wani abu. Wai wani saura ne da jiki ke bari in ya gama sarrafa abinci, kamar toka bayan girki, kuma bitamin B12 da B6 da folik asid su ne masu kwashewa. In sun yi ƙaranci sai tokar ta taru, an kuma lura masu yawanta sun fi saurin rikicewar tunani in tsufa ya zo. Nawa ashirin da uku ne, ana so ya sauko ƙasa da sha biyar. Na tambaye shi ko in ya sauko zan riƙa tuna inda na ajiye tabarau. Ya yi dariya ya ce shi alkawarin lamba kaɗai zai iya yi mini, sauran kuwa ko masana ba su gama daidaita bakinsu a kai ba. Amsar ta yi mini. Shekara talatin da huɗu na yi a tashar duba yanayi, na san darajar wanda ba ya yi wa gobe alkawari.

Yanzu ga abin da kika roƙa. Kin ce tunda mahaifiyarki ta rasu bara, ba wanda ya rage da ya san Auta sai ni, kuma kina son abin da za ki faɗa wa ɗanki game da kakansa. Gaskiyarki. Ƙanena Auta ya rasu wata huɗu kafin ki zo duniya, hotonsa ɗaya gare ki, shi ma ya juya kai. Zan riƙa sa miki labari ɗaya a kowace wasiƙa. Ki yi ta tambaya da wuri, domin kwanakin nan abubuwa suna fita daga kaina kamar baƙin da ba su iya sallama ba.

Na farko. Mahaifinki aikin lantarki yake yi, mai hawa turke. In na taso daga tasha a kan keke, fitonsa nake fara ji kafin in gan shi can sama, ya jingina da ɗamara kamar wanda ke kan kujerar falonsa. Sai ya leƙo ya tambaye ni ko za a yi ruwa, wai tunda ana ba ni albashi don kallon sama, shi da ya fi ni kusa da ita a raba da shi. Waƙa ɗaya yake yi da fiton, kuma kullum a wuri ɗaya yake yanke ta. Na tambaye shi dalili, ya ce iyakar inda ya ji ke nan aka ɗauke wuta.

Ki gaishe da maigidan.

Baffanki

Lahadi, 20 ga wata

Baffa,

Ina gaisuwa da girmamawa. Muna lafiya, tashin zuciyar ya ragu, yanzu abinci ne ba ya isata. Maigidan yana gaishe ka, ya ce a faɗa maka shi ma ya fara ce mini Uwata in yana neman alfarma.

Na karanta wasiƙarka sau uku a tsaye, ban ko cire takalmi ba. Washegari ina jera kwalaben jini sai abokiyar aikina ta ce tun yaushe na koyi fito. Ban san ina yi ba. Na sayi littafi mai baƙin bango na kwafe labarin a shafin farko da hannuna. In na dawo aiki nakan zauna in karanta shi da ƙarfi, wai an ce jarirai suna ji daga ciki.

Albishirinka, Baffa: ɗaya daga cikin ukun nan da ke kwalbarka, folik asid, shi ni ma nake sha kowace safiya. Ka ga ni da kai mun zama 'yan layi ɗaya a wurin awon ciki.

Ga dokokina, kada ka ce yarinya ta raina ka. Ƙwaya ɗaya bayan karin kumallo. Sai ka haɗiye sannan ka yi alama a gidan ranar. Ka riƙa cin ƙwai da kifi da ganye, ba shayi da burodi kullum ba, na san halinka. Bayan wata uku za a sake ɗibar jini, likita zai turo mini sakamakon. Ka haɗo mini takardar alamar kowane wata, ina so in gani da idona. Ba zan yi maka ƙarya ba, abin da ya riga ya tafi ƙwayar ba za ta dawo da shi ba. Fatana ta riƙe mana abin da ya rage, ko da na ɗan lokaci ne.

Yaya hannuwansa suke? Me ke ɓata masa rai? Ya taɓa maganata?

'Yarka

Asabar, 20 ga wata

Uwata,

Gaisuwa mai yawa, da fatan nauyin bai hana ki barci ba. Ni lafiya ƙalau, har na fi da. Yau kusan wata uku ke nan da fara shan maganin masu juna biyu, na faɗa wa mai kyamis in ta ga na fara kwaɗayin tsami kada ta yi mamaki. Jibi zan je a ɗebi jinin. Ga takardar wannan watan na haɗo, ba gidan da babu alama, kamar sauran biyun.

Ina jin ƙwayar nan tana aiki, ga dalilina. Bayan la'asar rana takan shigo ta tagar yamma ta kwanta a kan tebur, labule yana ɗagawa yana sauka kamar ƙirjin mai barci. Nakan zauna a kujerar nan mai hannu ɗaya, ban yi barci ba, ban kuma farka ba. A lokacin ne Auta ke zuwa. Da can sai na yi ta lalube kafin in samo miki abu ɗaya, yanzu kuwa in na ɗauki tambayarki na ajiye a gabana, amsar takan taso da kanta, da launinta da ƙamshinta. Haka labarin keken da ya ara ya zo, haka na tsuntsuwar da ta yi sheƙa a hularsa ta aiki ya hana kowa taɓawa har ta ƙyanƙyashe. Wani lokaci har ƙarar ƙarafunan ɗamararsa nake ji a matakala, yana hawowa bibbiyu.

Kin daɗe kina tambaya ko ya taɓa maganarki, ina ta kewayewa don ban samu ba. Jiya ya zo. Ga na shida.

A ɗakinsu ne na wancan gidan mai koren ƙofa. An yini ana ruwa, irin mai sauka a tsaye ba iska. Kina ta kuka, mahaifiyarki ta gaji ta juya wa bango fuska. Sai ya ɗauke ki, yana sanye da rigar aikinsa mai kauri, ya kai ki taga. Ya kama ɗan yatsanki ya ɗora a gilashi, yana bin ɗigon ruwa ɗaya da shi tun daga sama har ƙasa. In wannan ya sauka ya zaɓi wani. Kika yi shiru. Na ga fuskarsa a cikin gilashin, ruwan yana gangarowa ta kanta, yana murmushi ba da kowa ba. Kun daɗe a haka har hasken ya canza.

Ki rubuta shi a littafinki. In ƙwayar ta ci gaba da yi mini haka, kafin ki sauka za mu cika shi.

Baffanki

Laraba, 1 ga wata

Baffa,

Ina gaisuwa. Ina fatan gwiwa da sauƙi. Ni ƙafafuna sun ɗan kumbura, an ce in rage tsayuwa.

Sakamakon ya zo. Ashirin da huɗu. Bai sauka ba, ya ma ɗan hau. Na fara tunanin ko cikinka ne ba ya tsotsar B12, hakan na faruwa ga manya, sai a koma allura. Ina cikin wannan tunanin na sake duba takardar alamarka. Baffa, tambarin gidan waya na ranar 21 ne a kan ambulan, amma ka yi alama har ranar 30. Kwana tara ka sha magani a takarda kafin su zo.

Sannan labarin taga. Na karanta shi a ɗakin hutunmu, na yi kuka har aka kawo mini ruwa. Sai da na ɗauko biro zan kwafe shi hannuna ya tsaya. Baba bai taɓa ɗaukata ba. Kai da kanka ka rubuta mini a wasiƙar farko, wata huɗu ne tsakanin tafiyarsa da zuwana.

Ban san yadda zan faɗi wannan ba tare da na yi maka rashin kunya ba. Labari biyar na kwafe, na karanta wa abin da ke cikina su har na haddace. Na riga na san muryarsa, na san yadda yake hawa matakala. Yanzu in na buɗe littafin sai in rasa wane ne a ciki. Da can ba ni da komai, na saba da hakan. Wannan ya fi ciwo.

Don Allah ka dakata da labaran tukuna. Ka zazzage kwalbar ka ƙirga abin da ya rage, ka faɗa mini gaskiyar lambar.

'Yarka

Juma'a, 31 ga wata

Uwata,

Sallama. Ban sani ba ko kina son ganin rubutuna, amma mai kyamis ta tsaya a kaina ta ce ba za ta sauka ba sai na fara layin farko. Ga shi na fara, ta tafi. Ina fatan kumburin ya saɓe.

Kin ce in dakata, na dakata. Mako huɗu ke nan. Na ce a raina yarinya ta gano tsoho ya zama rediyon da ke kama tasha biyu lokaci ɗaya, ta kashe, kuma ba ta yi laifi ba. Kullum nakan leƙa akwatin wasiƙu in na sauka, daga baya na daina saukar. Kwalbar kuwa ban taɓa ta da niyyar ƙirgawa ba. Mutumin da ya shekara talatin da huɗu yana riƙe rajista, a ce ya zazzage ya ƙirga kamar ɗan koyo? Girman kai ya hana.

Da mai kyamis ta kwana uku ba ta gan ni ba sai ta hawo, ta same ni a kujera ina kallon labule. Ta ce ta ɗauka ta zo wankan gawa ne, ashe gawar ma shayi take sha. Na ba ta wasiƙarki ta karanta. Ta ɗauko faranti ta juye kwalbar, ta riƙa ja da bakin cokali biyar-biyar. Bisa takarduna ya kamata a ce kwalbar ta ƙare tun mako biyu da suka wuce. Sittin da ɗaya muka samu.

Bari in gaya miki inda abin ya samo asali, ba don in wanke kaina ba. A tasharmu awo ƙarfe tara na safe ne. Ka buɗe farin akwatin katako ka karanta zafi, ka tsiyaye ruwan saman da ya taru a gwangwani cikin kwalba mai zane, ka ɗaga kai ka ga kashi nawa na sama gajimare ya rufe, ka rubuta. Shugabanmu, wanda muke ce wa Mai Jan Biro, abu ɗaya ya tsana a duniya, gurbi a rajista. In zazzaɓi ya kwantar da kai ko taya ta yi faci, ba ka barin layin fayau. Sai ka dubi ranar da ta gabata da wadda ta biyo, ka sa abin da ya dace a tsakani. Ƙa'ida ta ce a yi wa irin wannan lamba ɗigo a gefe don a san ƙiyasi ce. Shi ya ce ɗigo tallan lalaci ne, mu daina. In kuma motar kai rahoto za ta tashi wata bai ƙare ba, ga shi rani ne, sai mu cike sauran kwanakin, don wa zai zo ya ce an yi ruwa? Ina ɗan shekara ashirin da biyu aka koya wa hannuna wannan.

To haka na yi da takardarki. In na ga gida babu alama sai in ce ai jiya na sha, gobe ma zan sha, ba yadda za a yi yau ta fita daban. Ban taɓa jin ina ƙarya ba. Gyara nake yi.

Abin da ya fi tsorata ni shi ne na gane haka na yi da Auta. Kin aiko tambaya, na duba na ga gurbi, na san abin da ke gabansa da abin da ke bayansa, sai hasken la'asar ya cike mini tsakiyar. Kuma ba ɗigo. Ni kaina yanzu ban san wanne na gani ba, wanne na sa.

Labarin taga dai na yi ta juya shi. Ruwan gaskiya ne, yatsan gaskiya ne, rigar ma tasa ce. Bayan rasuwarsa mahaifiyarki ta ba ni ita, na yi shekara ina sawa. Mutane kan ce in mun juya baya ba a bambance mu. Ina jin fuskar da na gani a gilashin nan tawa ce. Ni na ɗauke ki. Na so a ce shi ne, shekara talatin ina so, har abin ya gaji ya zama haka.

Yanzu ga yadda aka tsara. Kwalbar tana kyamis. Ƙarfe tara nake sauka in haɗiye a gabanta, ita ke yin alamar, ba ta ba ni ko riƙon biro. Likita ya ƙara mini da allurar B12, wai don kada a dogara da cikin tsoho.

Ki yafe wa Baffanki. In ba ki amsa ba, na fahimta.

Baffanki

Talata, 11 ga wata

Baffa,

Ina gaisuwa daga gado mai lamba shida. Kada hankalinka ya tashi, jinina ne ya hau aka kwantar da ni, yau kwana ashirin da uku, mu biyun muna lafiya. Maigidan ne ya kawo mini wasiƙarka tare da abinci.

Haba Baffa. Labaran na ce ka dakata da su, ban ce ka dakata da ni ba. Ina nan kwance ina jiran lamba ɗaya daga gare ka, da na ji shiru na ɗauka fushi ka yi don na ƙure ka. Sau biyu na sa aka kira wayarka, tana aljihun tebur tana barcinta. Ka gode wa mai kyamis, ka ce 'yarka ta ce Allah ya saka.

Na yafe, ban ma ga abin yafewa ba. Labarin taga na kwafe shi jiya, na sa sunan wanda ya ɗauke ni daidai. Ban san an taɓa tsayawa da ni haka ba.

Amma ina da roƙo, kuma shi ne na ƙarshe a kan wannan. Ban ce ka cika littafi ba. Abu ɗaya nake so wanda zan faɗa wa yaron nan in ce wannan ya faru, ba tare da zuciyata ta yi ɗar ba. Ko ƙarami ne, ko ba daɗi. In babu, ka ce babu, zan iya ɗauka. An ce saura mako bakwai.

'Yarka

Alhamis, 18 ga wata

Uwata,

Sallama da addu'a. Allah ya sauke ki lafiya, ya sa wannan ta riga baƙon isowa. Na yi mako biyar ban amsa ba, wannan karon ba fushi ba ne, aiki nake yi.

Lafiya tukuna. An sake ɗibar jini, sha bakwai. Likita ya ce tokar tana kwasuwa, saura kaɗan. Na gode masa. Amma shekaranjiya na tsaya a tsakiyar matakala na rasa hawa nake ko sauka, sai da na duba hannuna na ga kofin ruwan da mai kyamis ke ba ni, na gane na riga na sha. Ya faɗa mini tun farko, alkawarin lamba kaɗai ya yi. Bayan la'asar har yanzu Auta yana zuwa. Ina barinsa ya zauna, amma na daina ɗaukar abin da ya kawo in kai rajista.

Na bi labaran nan biyar ɗaya bayan ɗaya kamar mai binciken tasha. Ki ɗauki biro ki yi wa na keke ɗigo, da na tsuntsuwa, da sauran biyun da suka biyo su. Labarin fito a kan turke zuciyata ta fi kwanciya da shi, amma zuciyar nan ita ce ta yi alama har ranar 30, don haka shi ma ki sa masa ɗigo ƙarami. Kada ki yage su. Sun yi kama da shi, iyakar abin da zan iya rantsewa ke nan.

Da na ga kaina ba abin dogaro ba ne, sai na nemi shaidar da ba ta cikinsa. Akwai akwatin ƙarfe a ƙarƙashin gado, na takardun aiki. Kwana tara na yi ina fitar da su kaɗan-kaɗan, don gwiwa ba ta son durƙuso. Takardun ƙarin girma, na hutu, na sallama. Ba Auta ko ɗaya. Sai a can ƙasa na sami wadda na ɓoye don kunya, takardar gargaɗi, ita kaɗai aka taɓa ba ni a shekara talatin da huɗu. Mai Jan Biro ne ya rubuta da hannunsa. Ga abin da ta ce:

"Ana gargaɗinka cewa yau da ƙarfe tara da minti ashirin na zo na tarar ba ka ɗauki awon safe ba. Na same ka zaune a ƙasa cikin shingen awo kana dariya. Tare da kai akwai wani mutum da ba ma'aikacinmu ba, sanye da kayan ma'aikatan lantarki, ya kifa gwangwanin awon ruwa a kansa yana rawa, bayan ya zubar da ruwan da ke ciki, wanda hakan ya jawo asarar awon jiya gaba ɗaya. Da na tambaye shi dalili ya ce matarsa ce ke da ciki, kuma mace za ta haifa, wai ya zo a duba masa irin yanayin da za a yi ranar. Na umarce shi ya fita, ya kama hannuna ya nemi in taya shi rawar. Kada a sake."

Ki dubi kwanan watan da ke sama ki lissafa. Wata shida da kwana goma kafin haihuwarki.

Uwata, ba zan ƙara komai a kai ba, domin ni ban tuna ranar ba. Na karanta ta sau ashirin, na zauna a kujera na jira, ba ta zo ba. Ban san wace riga na sa ba, ban san me na ce masa game da yanayin ba. Amma na san mutumin da ya rubuta. A kan ruwan sama yakan yi ƙiyasi, a kan laifin ma'aikaci bai taɓa yi ba. In ya ce minti ashirin, to ashirin ne. In ya ce an yi rawa, an yi.

Wannan ba ya bukatar ɗigo. Ki faɗa wa yaron kakansa ya ɓata wa hukuma awon yini guda saboda murnar za a haife ki, kuma an rubuta.

Na sa takardar a tsakanin kwali biyu, mai kyamis ta manne gefen. Ta tsufa ƙwarai. Ki buɗe ta a kan gado, a hankali, ninkin tsakiyar ya kusa rabuwa.

Baffanki